Mashin ɗin da Ya Daina Ɗiga

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye can bayan duwatsu, inda mota ba ta shiga sai da rani, da ranin ma sai direban da ya gaji da motarsa. Ba zan faɗa muku sunansa ba. Uwar da ta haife shi ma ba ta taɓa faɗa ba, gama ɗan fari ne, ita kuwa irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kuma duban tsabar idonsa. In tana nemansa sai ta ce, "Kai, wannan," shi kuwa ya amsa.

Mutumin nan yana da wani tsohon mashin. Shi ne jakinsa, shi ne kuma dokinsa. Da shi yake kai dawa niƙa, da shi yake ɗauko taki, da shi kuma yake kai tsohuwarsa majami'a kowace Lahadi, domin idanunta sun rufe. Yanar ido ce ta hau su a hankali, shekara bisa shekara, har ya zama ba ta bambanta mutum da kututture. Ba irin maganin da ba ta gwada ba. Ta sa kwalli, ta wanke da ruwan ganye, ta ɗiga na kwalba da ake sayarwa a kasuwa. Duk wanda ya ce ga magani, sai ta buɗe ido a zuba. Amma duhun bai ko motsa ba.

Ana nan sai mashin ya fara ɗigar baƙin mai ta gefen inji. Ba wani mai yawa ba ne, ɗigo ne kawai, amma duk inda aka jingine shi sai ya bar shaida. A ƙauyen nan kuwa matan zumunta suna share filin majami'a kowace Asabar, su yayyafa ruwa, su bar ƙasa sumul, har mutum ya ji kunyar takawa. Ranar Lahadi in an tashi sujada aka kwashe mashina daga gindin mangwaro, sai a ga wurin kowa fes, nasa kaɗai da baƙin tabo. Shugabar matan, wadda Allah ya hore wa baki, ta tare shi a gaban jama'a ta tambaye shi ko yaushe mashin ɗinsa zai daina fitsarin kwance. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Maganar ta bi shi har gona.

Wani maƙwabcinsa da ya san kan inji ya duba, ya ce masa gaskit ne ya mutu. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba, gaskit wani abu ne siriri kamar kwali, wanda ake shimfiɗawa tsakanin murfi da jikin inji, domin ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa su riƙe mai su kaɗai. In ya tsufa sai ya bushe, ya tsage. Maganinsa ɗaya ne, a cire shi a sa sabo. Amma sabon yana cikin gari wurin makanikai, ga shi kuwa lokacin girbi ne. Ban da haka, mutumin yana da wani tsoro da bai faɗa wa kowa ba. Ya san in bakanike ya buɗe inji, ba abin da aka kawo kaɗai yake gani ba.

Ranar kasuwar ƙauyen da ke kusa da su, ya tarar da wani mai baza kayan mashin a tabarma. Da ya ji damuwarsa, sai ya miƙo masa jan gam a cikin abin matsawa irin na man goge baki, ya ce shafawa kawai zai yi ya ɗaure, shi ke nan an wuce wurin. Mutumin ya koma gida yana murna. Ya tura mashin bayan rumbu inda ba mai ganinsa, ya tsiyaye mai, ya kwance murfin. Ya ga tsohon gaskit ya yage, wani ya manne a murfi, wani a jikin inji. Bai kankare ba. Ya matsa gam a kai, ya dubi aikinsa, ya ce a ransa da a rage gara a ƙara, ya sake matsawa har sai da abin ya ƙare. Sa'an nan ya mayar da murfi ya ɗaure da dukan ƙarfinsa, ya mayar da man da ya tsiyaye.

Da ya ɗaure, gam ya tumbatso ta waje kewaye da murfin. Ya sa tsumma ya goge shi tas. Abin da bai yi tunani ba shi ne, abin da aka matse tsakanin ƙarfe biyu ba gefe ɗaya yake fita ba. Yadda ya fito ta waje, haka ya fita ta ciki, a can kuwa babu mai tsumma.

Lahadin da ta biyo, ƙasa ta kwana fes a gindin mangwaro. Shugabar mata ta sunkuya ta duba, ta ce to, yaro ya girma. Mutumin ya ji daɗi ƙwarai. Tun daga ranar kullum yana cikin goge inji, har ya zama ba mashin da ya kai nasa ƙyalli a ƙauyen. Mutum ɗaya ne bai yaba ba. Wata rana suna komowa daga sujada, tsohuwar ta ce masa muryar mashin ta canza. Ya ce mata iska ce. Wata Lahadin ta sake faɗa, ya ce hanya ce ta lalace.

Bayan an gama girbi aka yi sanarwa a majami'a cewa likitocin ido sun sauka a asibitin cikin gari, irin waɗanda sukan zo sau ɗaya a shekara su yi 'yan kwanaki su wuce. An raba wa ƙauyuka ranaku, na bayan duwatsu kuwa ranar ƙarshe aka ba su. Wanda bai isa a ranar ba, sai baɗi in da rai. Tsohuwar nan kuwa ta kai shekarun da ba a yi wa mutum alkawarin baɗi.

Da gari ya waye suka kama hanya. Ta zauna a baya ta riƙe rigarsa, ƙunshin zannuwanta a cinya. Tun suna kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba wata damuwa. Da suka fara hawan dutse, inji ya ɗauki zafi, sai wani ƙas-ƙas ya taso daga samansa, siriri, kamar ana kaɗa cokali a kwano can nesa.

Ta ce, "Kai, wannan. Tsaya."

Ya tsaya, ransa bai so ba. Ya sunkuya ya duba, babu ko ɗigo. Ya zaro ma'aunin mai ya ga mai cike. Sai ya ce, "Inna, duba ki gani, ko alamar ɗiga babu." Ya manta da wadda yake gaya wa.

Ta ce, "Ni ban ga komai ba, ji nake yi. Abin nan ƙishi yake ji."

Ya ce ina ƙishi ga abin da cikinsa ke cike da mai, ya buga ya tayar, suka ci gaba. Ba su yi nisa ba ƙarar ta ƙaru, zafi ya fara dukan ƙafarsa. Sai ya ji ta saki rigarsa. Ta ce ya sauke ta, ita ba za ta zauna a kan dabbar da ake kashewa ba. Ya yi roƙo, ya tuna mata da likitoci, ya tuna mata da rana da take ɗagawa. Ta riga ta sa ƙafa a ƙasa. Mutumin yana da taurin kai, amma bai taɓa ƙetare maganar uwarsa ba. Ya kashe inji. Ya kama ƙahon mashin yana turawa, ita kuwa ta dafa ƙarfen ɗaura kaya na baya tana biye, mashin ya zama mata sanda. Haka suka gama hawan, suka gangara, gumi yana zuba, zuciyarsa cike da haushi.

A gindin dutsen akwai wani ɗan ƙauye a bakin hanya, da wani tsohon bakanike a ƙarƙashin itacen ɗorawa. Ya gaishe su, ya ba tsohuwar benci da ruwa. Ya tayar da inji, bai bar shi ya yi numfashi mai tsawo ba ya kashe. Ya bi bakin murfin da farce, ya ɓantaro ɗan jan abu, ya dube shi, ya dubi mai mashin. Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya gaya masa inda za su da abin da ke jiransu, ya roƙe shi ya yi wata dabara ta sauri wadda za ta kai su gari kawai, in ya so daga baya a yi gyaran sosai.

Tsohon ya ce, "Ɗana, dabara ce ta kawo ka nan. Sai an buɗe."

Ya tsiyaye mai, ya kwance murfi. Da murfin ya rabu da inji, mutumin ya leƙa. Ga gam nan ta ciki ya yi leɓe kewaye, wani yana reto, wani ya riga ya gutsure ya tafi. Tsohon ya zaro wata 'yar rariya daga ƙasan inji, wadda mai yake bi ta cikinta kafin ya hau sama. Ta toshe da jajayen zare-zare kamar tana, sai ɗan gefe kaɗan ya rage. Sa'an nan ya karya tsinken tsintsiya, ya nuna masa wani ɗan rami a jikin murfin, ya zura tsinken, ya turo wani guntun gam daga ciki.

Ya ce masa ta wannan rami mai yake wucewa. Ya bayyana masa yadda mai yake tashi daga ciki, ya bi hanyoyin da aka huda a cikin ƙarfen kansa, ya hau har can sama inda wuta take ci, ya jiƙa kowane abu mai motsi, ya kwashe zafi, ya komo ƙasa, ya sake hawa, muddin inji yana aiki. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a ciki, ko da yake ido yana ganin kamar suna gugar juna, gama kullum akwai mai tsakaninsu wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. Ranar da wannan ya yanke, inji ya buga.

Mutumin ya yi shekaru yana hawan mashin nan, bai taɓa sanin yana zaune a kan irin wannan al'ajabi ba. Duk buhunan da ya ɗauka, duk duwatsun da ya hau, ashe ran injin yana rataye a ramin da tsinken tsintsiya yake cikawa. Tsohuwar ta ce a ba ta ta taɓa. Aka ɗora mata murfin a cinya, ta bi shi da yatsa har ta sami ramin. Ta daɗe yatsanta yana wurin. Sa'an nan ta ce a hankali, "Wanda ya ƙera wannan ya san abin da yake yi."

Tsohon ya ce da sun ƙara ko ɗan hawan nan da ya rage, da yanzu ba maganar gaskit ake yi ba. Ya tambayi wanda ya ce a tsaya. Mutumin ya nuna uwarsa da baki.

Sai aka shiga kankara. Tsohon ya ɗauki reza ya kwantar da ita a kan ƙarfen, yana ture gam da ragowar tsohon gaskit kaɗan-kaɗan, yana kiyayewa kada ya ji wa ƙarfen rauni, domin ƙwarzane ɗaya ya isa ya buɗe wa mai sabuwar hanya. Rana ta take tsaka, inuwar ɗorawa ta tattaru a gindinta, shi kuwa yana nan yana kankara kamar ba wanda yake jira. Mutumin ya tashi, ya zauna, ya je bakin hanya ya dawo. Da ya ga saura 'yan ɓurɓushi, ya ce ai wannan ba kome, a ɗora haka nan.

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Sabo ba ya zama a kan tsoho."

Da ya gama, ya wanke rariya da murfi da fetur, ya hura kowane rami da bakinsa har iska ta fita ta ɗaya gefen. Ya shiga rumfarsa ya fito da sabon gaskit, ya ɗora. Mutumin ya matso yana kallo. Kowane lanƙwasa na ƙarfen, gaskit ya lanƙwasa tare da shi. Kowane ramin noti, ga raminsa daidai. Har ɗan ramin nan na tsinken tsintsiya, an huda masa nasa, ba a manta da shi ba. Wanda ya yanka abin nan yana wata ƙasa mai nisa, bai taɓa jin sunan ƙauyensu ba, amma ya san cikin mashin ɗinsa fiye da shi mai shi.

Duk da haka, hali zanen dutse, sai da ya tambaya ko za a ɗan shafa gam a kai don ƙarin ƙarfi. Tsohon ya yi murmushi ya ce gam ba abin banza ba ne, akwai wuraren da maƙerin inji ya ce a sa shi, a can ma shafa ɗaya ce siririya. Nan kuwa ba wurinsa ba ne, abin da aka yanka domin wurin ya isa. Ya mayar da murfi, yana ɗaure wannan noti kaɗan, ya tsallaka na daura da shi, ya komo, har suka zauna gaba ɗaya. Ya zuba sabon mai. Sa'an nan ya buɗe wani ɗan murfi a can saman inji, ya tayar, ya ce wa mutumin ya zuba ido a nan.

Da fari wurin a bushe yake, ƙas-ƙas ɗin yana nan. Can sai ga mai ya ɓullo, ya taso daga ƙasa ba da hannun kowa ba, ya malala a kan ƙarafan da suka daɗe suna jiransa. Ƙarar ta yi laushi, ta yi laushi, ta ɓace. Tsohuwar da ke kan benci ta ce, "Yawwa. Ya sha."

Sun isa asibiti da la'asar sakaliya, layi ya kusa ƙarewa, ana shirin tattara kaya. Aka karɓe ta cikin na ƙarshe. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambayi abin da take sa wa idon. Ta lissafa mata, tun daga kwalli har na kwalba. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, duk abin da aka shafa daga waje ba zai kai wurin ba. Abin yana ciki. Za a cire wanda ya dushe, a sa miki sabo garai-garai." Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce yau sau biyu ke nan tana jin wannan magana, ashe ita da mashin ciwonsu ɗaya.

A yammacin nan aka yi mata aikin, washegari da safe aka kwance mata bandeji. Ta ƙifta ido, ta ga hasken taga, ta ga farar rigar ma'aikaciya. Sa'an nan ta ga wani mutum tsaye a ƙarshen gado, yana murza hularsa a hannu, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Matar da ba ta taɓa duban tsabar idon ɗan farinta ba ta dube shi, ta kuma ci gaba da dubansa, kunyar ta tafi inda ta tafi. Ta ce, "Kai, wannan. Ashe har ka yi furfura." Mutumin ya durƙusa a gefen gadon ya yi kuka.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce, mashin ɗin nan ni ne da kai. Ɗigon mai kuwa shi ne zunubin da ya fara nunawa a waje, fushin nan, ƙaryar nan, abin nan da maƙwabta suka fara gani. Ku lura, mutumin bai damu da cewa injinsa yana da ciwo ba. Abin da ya dame shi shi ne tabon da aka gani a filin majami'a. Haka yawancinmu muke. Ba zunubin muke ƙi ba, dariyar mutane muke ƙi. Sai mu zaga bayan rumbu mu shafa gam. Mu ƙara murya a waƙa, mu riga kowa zuwa sujada, mu koyi gaisuwa mai daɗi, tsohon abin kuwa yana nan a ƙasa ba a kankare ba. Mutane su duba su ce yaro ya girma.

Amma rufa-rufa ba gefe ɗaya take fita ba. Abin da ka danne don kada ya fito waje, ciki yake komawa, ya bi a hankali ya toshe 'yar hanyar nan da alherin Allah yake bi ya jiƙa zuciya. Sai ka ga mutum cikinsa cike da wa'azi, ayoyi a bakinsa, amma addu'arsa ta bushe, tausayinsa ya bushe, yana ɗaga murya a gida kan abin da bai kai ya kawo ba. Garin neman gira ake rasa ido. Mashin ɗin ya fi lafiya sa'ad da yake ɗiga ana yi masa dariya, da sa'ad da yake ƙyalli ana yaba shi.

Tsohuwar ita ce duk wanda Allah ya ajiye kusa da kai, wanda ƙyallinka ba ya ruɗinsa domin muryarka yake saurara. Wataƙila matarka ce, wataƙila abokinka. In ya ce maka muryarka ta canza, kada ka ce iska ce.

Tsohon bakanike kuwa yana nuna mana aikin Ubangijinmu. Ba ya karɓar roƙon a yi dabara. Yakan buɗe, yakan nuna maka abin da ke ciki, yakan kankare, kankarar kuwa ita ce tuba, tana da ciwo, tana kuma ɗaukar lokaci a daidai sa'ad da kake ganin ba ka da shi. Amma ku dubi hannunsa, yadda yake kwantar da reza don kada ya raunata ka. In ya gama, ba faci yake yi maka ba. Sabuwar zuciya yake bayarwa ta wurin Almasihu, wadda aka yanka daidai kai, gama shi ne ya huda kowane rami da ke cikinka tun ba ka san kanka ba. Ni dai duk sa'ad da na tuna da wannan, tsoro da murna sukan kama ni tare. Injin da hannun mutum ya ƙera ya sa manomi ya cika da mamaki, balle kai da numfashi yake shiga yana fita a cikinka tun ranar da aka haife ka, ba ka taɓa tayar da shi da ƙafarka ba.

Mutumin nan ya ɗauka tsayawa ce za ta hana uwarsa gani. Ashe da bai tsaya ba, da ba su isa ba. Saboda haka in ka ji ƙas-ƙas a cikinka yau, kada ka tsaya duban ko ƙasa ta ɓaci a ƙarƙashinka. Kashe inji, ka tura shi zuwa wurin Maƙerinsa, ka bari ya buɗe tun rana ba ta faɗi ba.